Miksin da mastarin a ɗakin gida: yadda za ka sa murya ta fito

Waƙar da kake haɗawa a ɗakinka, mafi yawan masu sauraro ba a gaban manyan sifikun studiyo za su ji ta ba. A waya za su ji ta, ko a 'yar sifikar Bluetooth da ke rataye a shagon mai cajin waya, ko a cikin a-daidaita-sahu injin yana ta ruri. Kuma mutanenmu in sun kunna waƙa, magana suke bi. Baiti ya wuce mutum bai kama abin da mawaƙi ya faɗa ba, to ka yi asararsa, komai daɗin kiɗan. Saboda haka duk abin da zan kawo a nan yana komawa ne ga tambaya ɗaya: ana jin kowace kalma a ƙaramar sifika ba tare da an ƙure ƙara ba?

Miksin shi ne daidaita layukan waƙa ɗaya bayan ɗaya, murya da amshi da ganga da bas da fiyano, har kowa ya sami mazauninsa. Mastarin kuwa gogewar ƙarshe ce da ake yi wa waƙar bayan ta zama fayil ɗaya. Abin da ya lalace a miksin, mastarin ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara fito da shi fili.

Haka nan abin da ya lalace wurin ɗauka, miksin zai yi ta fama da shi ne kawai. Mawaƙi ya tsaya kamar tazarar taƙi ɗaya daga makirufo, wato santimita 15 zuwa 20, da matacin iska a tsakani. In ya matso sosai, makirufo mai ɗaukar sauti ta gaba yakan kumbura ƙasan murya ta yi nauyi, ga kuma iskar haruffa irin su b da f tana bugun sa. In ya ja baya da yawa, ɗakin ne zai shiga cikin ɗaukar. Ka saita ƙarfin shigar sauti yadda in mawaƙi ya ɗaga murya iyakar ɗagawa, mitar da ke nuna ƙarfin sauti ba za ta wuce -10 zuwa -6 dB ba (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne, sifili kuma shi ne iyakarsa ta sama). Kana ɗauka a 24-bit, wato saitin da ke adana sauti dalla-dalla ko da ba shi da ƙarfi, ba ka da wani dalilin kusantar sifili. Sautin da ya taɓa sifili ya fashe, kuma fashewar ta zauna ke nan. Ka kashe fanka kafin a fara, ko da zafi ya yi yawa, a riƙa kunna ta tsakanin baiti da baiti. Idan kana jin wani gurnani a ƙarƙashin murya, mai yiwuwa na wuta ne: wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana gudana a 50 Hz (Hz ma'aunin kaurin sauti ne ko sirantarsa, ƙaramar lamba sauti mai kauri, kHz kuma Hz dubu), kuma gurnanin yakan bayyana a nan da kuma 100 da 150 Hz. Zare cajar laftof ka ɗauka da batir, sau da yawa nan take yake ɓacewa, musamman in janareta ake amfani da shi.

Sai ɗakin da kake sauraro a ciki, wanda shi ne ya fi yaudarar sabon furodusa. Ɗakin siminti mai murabba'i, ga tayil a ƙasa, yana mayar da sauti ta ko'ina. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗakin da tsawonsa mita 3.5 ne zai riƙa kumbura sautin da ke wajen 49 Hz da ninkinsa 98 Hz a wasu wurare, ya kuma haɗiye shi a wasu. Ka kunna bas ɗaya ka zagaya ɗakin da ƙafa, za ka ji a kusurwa yana neman fasa kunne, a tsakiyar ɗaki kuma kamar babu shi. Wanda ya zauna a inda bas ke ɓacewa zai yi ta ƙara shi, sai an kai waƙar mota ta riƙa girgiza ƙofa murya ta nutse. Maganin farko ba ya cin kuɗi. Kada ka zauna a tsakiyar ɗaki daidai, kada kuma ka jingina da bango. Ka fuskanci gajeren bango, kujerarka ta kasance kamar kashi ɗaya bisa uku na tsawon ɗakin, ko ta ɗan ɗara. Sifiku biyu da kanka su zama kusurwa uku masu tazara ɗaya, ƙananan bakunan sifikun suna daidai da kunnenka. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tsare komai na a zo a gani, ballantana bas. Katifa mai kauri a bayan mawaƙi, darduma a ƙasa, da labule mai nauyi sun fi shi amfani nesa ba kusa ba. In ɗakin ya gagara, ka dogara da hedifon mai kyau guda ɗaya, ka yi ta sauraron waƙoƙin da ka sani da shi har ka gane halinsa.

Kada ka yi aiki da ƙara sosai. Kunnen ɗan'adam ba ya jin ƙasan sauti da samansa daidai a kowane mataki na ƙara, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933. In an ƙure ƙara, komai yakan yi daɗi, bas ya cika, sama ta yi haske, kai kuma ka ɗauka aikinka ne ya yi kyau. Ka saita ƙara yadda za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba. Bayan kowane minti arba'in ko hamsin ka tashi ka bar kunne ya huta minti goma.

Kafin ka taɓa kowane fulogin, wato 'yar manhajar gyaran sauti da ake ɗorawa a kan layi, duba layin masta, inda dukkan layuka ke haɗuwa. Masu aiki da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio su lura, wasu daga cikin shimfiɗun da yake buɗewa da su suna zuwa da Fruity Limiter, wato limita mai hana sauti wuce iyaka, a kan masta tun farko. Yana nan yana danne sauti kai ba ka sani ba, kana ta ɗaga ganga tana ƙin tashi. Cire shi. Daga nan ka sauke dukkan feda, wato maɓallan ƙarar layuka, ƙasa, ka ɗago murya ita kaɗai har ta riƙa kaiwa wajen -12 dB, sannan ka shigo da kik, wato babbar ganga mai bugun ƙasa, da sauran ganguna, sai bas, sai fiyano da kayan ado a ƙarshe. Da yawa suna farawa da kiɗa su cika wuri, sannan su nemi inda za su cusa murya. A waƙar da magana ce jarinta, gara a gina kiɗan a kewayen muryar. In ka gama, masta ta riƙa tsayawa a wajen -6 dB a inda waƙar ta fi ƙarfi. Wannan daidaitawar ta feda kaɗai, a ganina, ita ce fiye da rabin aikin, kuma ka yi ta a mono, wato sautin hagu da dama a haɗe wuri ɗaya, domin ƙananan sifikun da jama'a ke ji da su da yawa haka suke fitar da shi. Abin da ya zauna daidai a mono, in ka buɗe shi hagu da dama sai dai ya ƙara kyau.

Yanzu ikwalaiza, wadda ke ragewa ko ƙara wani zango na sauti. Aikinta na farko ragewa ne. A kan murya, yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz ga namiji, 100 zuwa 120 Hz ga mace, domin babu komai a can sai girgizar ƙasa da iska. Haka za ka yi wa fiyano da jita da sarewa, kowanne ka yi ta matso da yankan sama har ka ji ya fara ramewa, sai ka ɗan koma baya. Kik da bas kaɗai za ka bar wa can ƙasa. Daga 200 zuwa 400 Hz nan ne cunkoso yake, inda kowane kayan kiɗa ke da jiki, kuma in suka taru sai waƙa ta yi kamar an rufe ta da bargo. Rage 2 zuwa 3 dB a nan a kan fiyano da amshi yakan buɗe waƙa fiye da duk wani ƙari da za ka yi a sama. Muryar da ke fita kamar ta hanci, nemi matsalar tsakanin 800 Hz da 1.2 kHz. Fitowar kalmomi tana tsakanin 2 da 5 kHz, amma ka yi hattara, nan ne kuma kunne ya fi saurin gajiya. Maimakon ka ƙara wa murya 5 dB a nan, ƙara mata 1.5, ka rage wa fiyano 2 a daidai wurin. Hanyar gano inda matsala take: ɗaga siririn zango ɗaya da kamar 8 dB, ka ja shi a hankali daga ƙasa zuwa sama, inda abin da ke damun ka ya yi tsalle ya fito, nan ne, sai ka mayar da ɗagawar ta zama ragewa. Fruity Parametric EQ 2 ya isa wannan aiki, TDR Nova kuma kyauta ne. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada ka daɗe kana gyara layi shi kaɗai. Muryar da ta yi daɗi ita kaɗai tana iya ɓacewa cikin kiɗa, wadda kuma ta yi kamar ta rame ita kaɗai tana iya zama daram.

Kalangu yana buƙatar kulawa ta daban. Maganarsa tana cikin hawa da saukar sautinsa ne yayin da makaɗi ke matse tsarkiya, kuma jikin wannan sauti yana zaune ne kusa da inda ƙasan muryar namiji take. In ka yanke masa ƙasa da yawa, ka bar ƙarar makaɗi a kan fata kawai, ya daina magana. In ka bar shi yadda yake, ya yi ta gogayya da mawaƙi. Abin da ya fi kyau shi ne ka ɗan karkatar da shi gefe ɗaya, kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ka kuma zana masa hawa da saukar ƙara da hannu: ya sauka 2 dB lokacin da ake baiti, ya dawo a inda mawaƙi ya numfasa. Dama a filin wasa haka makaɗi na ƙwarai yake yi, yana ba mawaƙi hanya.

Kwamfiresa tana rage tazarar da ke tsakanin inda murya ta yi ƙarfi da inda ta yi sanyi. Ga wurin farawa a kan murya: reshiyo, wato yawan dannewa, 3:1 ko 4:1, atak milisakan 10 zuwa 20, rilis milisakan 60 zuwa 100, sannan ka sauke tireshol, wato matakin da take fara dannewa, har mita ta nuna ana danne 3 zuwa 5 dB a wuraren ƙarfi. Atak shi ne saurin kamawarta. In ya yi sauri ainun, yana cinye farkon kalma, kuma a Hausa wannan babbar asara ce, domin bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, ko s da ts, a ɗan wannan farkon yake. Rilis shi ne saurin sakinta. In ya yi gajere, za ka ji numfashi da hayaniyar ɗaki suna tasowa tsakanin kalmomi, in ya yi tsawo kuma murya ta kasance a danne har kalma ta gaba. Idan mawaƙi ya yi wani wuri da ihu wani wuri da raɗa, kada ka ɗora wa kwamfiresa wannan nauyi. Yanka ɗaukar gunduwa-gunduwa ka daidaita ƙarfin kowace da hannu tukuna. Kwamfiresa biyu a jere, kowace tana danne 3 dB, sun fi guda ɗaya mai danne 8 fitar da sauti mai kama da na mutum. Kuma duk lokacin da ka saka fulogin, daidaita ƙarfin fitarsa da na shigarsa kafin ka kwatanta, domin kunne kullum yana zaɓar wanda ya fi ƙara, ko da ya fi muni.

Bayan kwamfiresa, haruffan s da sh da ts da c sukan yi kaifi su riƙa sukar kunne, galibi tsakanin 5 da 8 kHz. Di'esa ce maganinsu. Ta rage 3 zuwa 4 dB a lokacin da harafin ya zo kawai. In ta wuce haka, mawaƙi zai koma kamar mai tsamin baki.

Auto-Tune da 'yan'uwansa masu daidaita murya da kiɗa sun zama ruwan dare a waƙoƙinmu na zamani, kuma ba laifi ba ne, ado ne da kunnuwa suka saba da shi. Inda ake kuskure shi ne rashin saita makullin waƙar, wato jerin sautukan da aka gina ta a kai. In kiɗa yana kan wani makulli, fulogin yana kan wani, zai riƙa jan murya zuwa inda kiɗan bai je ba, sai ka ji wani karkacewa da ba ka san daga ina yake ba. Gano makullin a kan fiyano tukuna, ka cire sautukan da waƙar ba ta taɓawa. Saurin gyara a sifili shi ke ba da sautin nan na ƙarfe. Tsakanin milisakan 20 da 40 yana gyara ba tare da ya kashe lanƙwasar murya ba, kuma mawaƙin da ya iya jan wasali yana karya shi, wannan lanƙwasar ita ce gwanintarsa, bai kamata a goge ta ba. Fulogin ɗin ya zo a farkon jeri, kafin amsa-kuwwa, a kan murya ɗaya tilo.

Amsa-kuwwa ita ce inda aka fi yin ɓarna. Ana zuba ta ne don a rufe aibin murya, sai ta tura mawaƙi can ƙarshen zaure, kalmomi su narke cikin juna. Kada ka ɗora ribab, wato fulogin amsa-kuwwa, kai tsaye a kan layin murya. Buɗe masa layinsa daban, ka riƙa tura masa murya gwargwadon buƙata. Tsawon wutsiyarsa daƙiƙa 1.2 zuwa 1.8 ya isa yawancin waƙoƙi, mai sauri kuma ƙasa da haka. Ba shi jinkirin farawa na milisakan 20 zuwa 40 domin kalma ta fita tukuna kafin kuwwar ta biyo ta. Sannan ka saka ikwalaiza a kan layin ribab ɗin, ka yanke ƙasa da 250 Hz da sama da 7 kHz. Ɗaga shi har ka ji shi sarai, sai ka sauke kaɗan. Dile kuwa, mai maimaita sauti bayan ɗan jinkiri, lissafi gare shi: raba 60,000 da saurin waƙar. Waƙa mai bugu 100 a minti, bugu ɗaya milisakan 600 ne, rabinsa 300. Dile da ke tafiya da bugun kiɗa yana cika gurbi ba tare da ya dagula ba, kuma ya fi kyau a buɗe shi a kalmar ƙarshe ta baiti kawai.

'Yan amshi a ɗauke su aƙalla sau biyu, ɗauka ta gaske, a jefa ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafin ɗauka ɗaya da aka raba gefe biyu ba ya ba da faɗi, ƙara kawai yake ƙarawa, in kuma aka ɗan jinkirta ɗaya, a mono sai su cinye juna. A yanke musu ƙasa har wajen 150 Hz, a daidaita farkon kalmominsu da ƙarshensu, su zauna 3 zuwa 6 dB ƙasa da jagora.

Bas da kik duk a tsakiya suke zama, kuma ba sa son haɗa wuri. Zaɓi wanda zai riƙe can ƙasa, wajen 50 zuwa 60 Hz, ɗayan ya zauna wajen 80 zuwa 100. Ko ka haɗa su da saidcen, yadda duk bugun kik zai sa bas ya sunkuya 2 zuwa 4 dB ya taso nan da nan. Ga kuma abin da ya shafi masu ji a waya: sifikar waya ba ta iya fitar da sautin can ƙasa, don haka bas mai santsi irin 808 yana ɓacewa ɗungurum. Ƙara masa ƙarfi ba ya magani. Sa masa ɗan sacureshan, wato ɗan ƙazanta shi kaɗan, ya haifar da 'ya'yan sauti a 200 zuwa 800 Hz. Waya za ta fitar da waɗannan, kunne kuma ya cike sauran da kansa.

Wanda ya sayi kiɗa a haɗe, fayil ɗaya da aka riga aka matse, ba shi da damar taɓa ganga ko fiyano daban. Ya sauke kiɗan da 6 dB tun farko, ya ɗan rage masa 1.5 zuwa 2 dB a faɗaɗe tsakanin 1.5 da 4 kHz domin murya ta sami gurbi. In da hali, ya nemi WAV wurin mai kiɗan, ko ma layukan a rarrabe.

In miksin ya kammala, fitar da shi WAV 24-bit, wato fayil ɗin da ba a matse ba, ba tare da limita ba, ka bar shi ya kwana. Washegari buɗe sabon aiki, ka ajiye shi kusa da wata fitacciyar waƙa irin tasa da ka yarda da sautinta, ka sauke ƙarar waccan har su yi daidai, sannan ka kwatanta bas da murya da haske. A mastarin hannu mai sauƙi ake so. Ikwalaiza kada ta wuce 1 zuwa 1.5 dB ko'ina, in ka ga kana neman 4, koma miksin. Yanke ƙasa da 25 zuwa 30 Hz, mayar da abin da ke ƙasa da 120 Hz mono. Kwamfiresa mai reshiyo 1.5:1 ko 2:1, atak milisakan 30, tana danne 1 zuwa 2 dB don ta ɗaure waƙar wuri ɗaya. Limita ce ta ƙarshe, rufinta a -1 dB na ainihin ƙololuwa, domin in aka mayar da waƙa MP3 ko AAC ƙololuwar takan ɗan haura, wadda aka bari a sifili sai ta fashe.

Ƙarar waƙa gaba ɗaya ana auna ta da LUFS, kuma Youlean Loudness Meter yana da na kyauta. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14, YouTube ma yana sauke wadda ta wuce kusan haka, don haka wanda ya matse waƙarsa har -7 bai ci ribar komai a can ba, an sauke ta, ga ganga ta mutu. Sai dai a wajenmu waƙa tana yawo daga waya zuwa waya da katin memori, inda babu mai daidaita komai, kuma wadda aka bari a -14 za ta yi sanyi kusa da sauran. Ni dai ina ganin tsakanin -11 da -9 ya fi dacewa da waƙar rawa, mai sanyi kuma -12 ta isa. Ma'aunin gaskiya shi ne limitar kanta: in tana danne fiye da 3 zuwa 4 dB a kai a kai, za ka ji kik ya laɓe, murya tana nutsewa duk lokacin da bas ya shigo. A nan sai ka koma ka rage bas a miksin, domin shi ne yake cinye wurin.

Ajiye WAV 24-bit a matsayin uwa. Wanda ya nemi 16-bit a 44.1 kHz, kunna dida, wato saitin da ke rufe aibin saukowa daga 24-bit, sau ɗaya a wannan fitarwar ta ƙarshe. MP3 na rabawa ya zama 320 kbps, kuma daga WAV za a fitar da shi, kada a sake matse MP3 daga wani MP3. Mai haɗa bidiyo a tura masa WAV a matsayin fayil, ya fi son 48 kHz. Kafin ka saki waƙar, ji ta a waya, a iyafis mai arha, a sifikar Bluetooth, da cikin mota, kana rubuta abin da ka ji a takarda. Abin da ya dame ka a wuri ɗaya kawai, halin wannan sifikar ne. Wanda ya biyo ka wurare uku, naka ne, koma ka gyara. Daga nan ka miƙa wayar ga wani wanda bai taɓa jin waƙar ba, ka rage ƙara zuwa rabi, ka ce ya maimaita maka baitin farko. Duk kalmar da ya kasa kamawa, nemo ta a layin murya ka ɗaga ta da 1 ko 2 dB.